Takalman Shuɗiya

Zuwa ga angona mai rowa,

Kafin in gaishe ka, riƙe wannan ka juya shi a kanka. Amarya ce a lulluɓe, ba ta taɓa taka ƙasa ba, haƙoranta cif babu giɓi, fatarta sai sheƙi, amma ta girme ka, kuma ranar da aka fita da ita unguwa ranar za ta mutu. Wace ce? Ban yarda ka tambayi wayarka ba. Kai ne mai karatu mai zurfi, ni aji huɗu na tsaya, to mu gani.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zaman kaɗaici, yaya ciwon cikin nan da kake ɓoye wa uwarka? Ni lafiya lau, sai gwiwoyi da suka yi mini tawaye. Idon da aka yi wa aiki ya buɗe tar, har ina ganin abin da rashin ganinsa ya fi mini.

Na zaɓi takarda ne saboda wayar gidan nan kunne gare ta. Da na ɗaga ta, ƙanwarka Auta za ta tuna tana da shara a ƙofar ɗakina.

An sace mini Shuɗiya, motar kakanka. Ubanka zai ce maka ba sata ba ce, kada ka saurare shi. Ina kwance a asibiti da bandeji a ido, ƙanin kakanka, wannan da nake kira Ƙwalisa, ya zo da babbar mota da sarƙa, suka sauke ta daga kan bulo suka ja ta zuwa gidansa. Na dawo na tarar da rumfa wayam, sai bulo huɗu da tabon baƙin mai a ƙasa, sai tamfol ɗinta a ninke kamar kayan mamaci.

Ka san motar nan ta girmi ubanka. Kakanka ya tuƙa wani likita a cikinta shekara da shekaru, da likitan zai koma garinsu ya bar masa ita. A cikinta aka kai ni asibiti na haifi ubanka, ina zagin kakanka yana kauce wa rami. Da ya rasu, lokacin kana cikin uwarka, aka zauna rabon abin da ya bari, kowa ya ce a bar wa tsohuwa motar, don ba mai son ta. Ƙwalisa da bakinsa ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai ɗauka ba, wai akwatin ɓeraye ce. Ni kuwa kullum da yamma nakan buɗe ƙofar gaba in zauna a kujerata, in yi saƙata, in ba kakanka labarin wanda ya ɓata mini rai a ranar. Ubanka kan zo lokaci-lokaci ya tayar da injin don kada ya kwanta. Kai ma a nan ka fara tuƙi da baki, kana buu buu kana zubar da miyau a kan sitiyari.

Yanzu zamani ya juya, wai tsofaffin motoci sun zama abin yayi. Masu hali suna neman su, suna wanke su, suna taruwa ana ɗaukar su hoto. Shi ne akwatin ɓeraye ta zama gadon wansa abin ƙauna. Ya tsare ubanka da surutu, wai motar tana ruɓewa, wai shi ya fi kowa kusa da marigayi. Ubanka kuwa, Allah ya shirye shi, idan babba ya ɗaga masa murya, har hular kansa zai miƙa. Ya miƙa makulli.

Na je gidan da sandata. Ya karɓe ni a gaban abokansa, yana fakewa da wasan ƙanin miji, ya ce musu ga tsohuwar taya ta zo neman motarta, wai ni da motar duk mun gama aiki, amma ita ana iya gyara ta. Suka yi dariya. Ni ma na yi, har na fi su, don kada su ga inda maganar ta soke ni. Amma na ajiye ta a inda ba ta ɓacewa.

Angona, ban yafe ba, kuma ba na neman wanda zai ce in yafe. Ka ci abinci, ka rage rowa, ka gaishe da mutanen gidan da kake haya.

Matarka da ka manta da ita,
Kaka

Zuwa ga angona,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Na ga takardarka, rubutun kamar kaji sun yi tono. Ka ce amsar kacici-kacicina ƙwai ne. A garin da kake ƙwai haƙora gare shi? Koma ka sake tunani.

Shuɗiya ta koma ja, ja irin na barkono. Ƙwalisa ya sa an yi mata fenti, makanikai sun yi makonni da kai a cikin injinta har ta tashi. Sai aka zo kan takalma. Tayoyin da ke jikinta sun tsattsage kamar dugadugan manomi, ko makaho ya shafa ya san sun mutu, don haka ya tafi kasuwar taya. Ashe lambar tayar Shuɗiya irin ta dā ce, gida biyu kawai, faɗinta da girman rim, ƙarfen da ake ɗaura ta a kai. Kakanka yakan rera ta kamar karatu: shida da arba'in, sha uku. Tayoyin yanzu kuwa lambarsu gida uku ce, har da wata sanda a tsakani, kuma yawancinsu gajeru ne masu faɗi. Masu shago suka ce masa irin wannan sai an aiko daga nesa, ya jira. Ƙwalisa ba ya jira. Ya ce a ba shi mafi faɗi da za ta hau rim ɗin, wai babban mutum ba ya sa siririn takalmi.

Da ma kana nan ka gani. Kamar an sa wa tsoho mai ƙafar kara takalman soja. A miƙe tana tafiya, amma da ya murɗa sitiyari sai tayar gaba ta gogi ƙarfen jikin motar, ta yi kuka kamar akuyar da aka taka. A kwanar shagon aski ta ƙi juyawa gaba ɗaya. Ya yi gaba, ya yi baya, gumi yana wanke masa turare, waɗanda ake yi wa aski sun fito da kumfa a haɓa kowa yana ba shi shawara. Matarsa ce ta ba ni labari, baiwar Allah, tana ba ni tana toshe baki da mayafi. Ranar na ci abinci har na ƙara.

Sai ubanka ya sake yin abin da ya saba. Ya tuna wa Ƙwalisa cewa kakanka ya sayi sababbin tayoyi huɗu gab da ciwon ajalinsa, bai samu ya sa su ba, suna nan ɗakin ajiya naɗe cikin takardarsu. Washegari sai ga Ƙwalisa da kwandon lemo da ayaba, turarensa ya riga shi sallama. Yau ni ce matar yaya, ni ce uwar kowa, ni ce wadda ba a taɓa yin irinta ba. Maganar tsohuwar taya kamar ba a taɓa yin ta ba.

Na ce ya dawo da yamma in nemo makulli. Da ya tafi na shiga ɗakin ni kaɗai. Ka san ɗakin, rufin kwano ne, ko ruwa ka ajiye da rana sai ya yi ɗumi. Na buɗe takardar ɗaya. Baƙa wuluk, zanenta cif, har ɗan gashin robar nan na sabuwar taya yana nan a tsaye. Sai na yi abin da na sha ganin kakanka yana yi, na danna farce a gefenta. Sabuwar taya takan karɓi farce ta mayar. Wannan kamar na danna gindin tukunya. Na sa sandata na lanƙwasa gefen, sai ga ƙananan tsaga sun buɗe baki kamar fatar wuyana, da na saki suka rufe kamar ba su ba.

Kakanka ba ya barin taya ta wuce shekara shida a jikin motar nan ko da zanenta bai taɓu ba, har ta cikin but wadda ba ta taɓa aiki ba. Mun sha faɗa a kan haka, ina cewa ɓarna ce. Yakan ce roba tana bushewa ko tana aiki ko tana kwance, kuma wadda ta bushe daga ciki take fara rabuwa, ba za ka sani ba sai ta ji zafin hanya.

Na mayar da takardar yadda take. Da yamma na ba Ƙwalisa duka huɗun, har da sa albarka. Ya sa an ɗaura su, ya shafe su da man takalmi, yana ta faɗa wa mutane sababbi ne fil, ba wanda ya taɓa hawan su. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ga abin da nake jira. Ƙarshen wata masu tsofaffin motoci za su yi taro, su jera daga filin ƙwallo zuwa shataletalen agogo, sannu a hankali don mutane su ƙare musu kallo. Ya ɗinka jar riga don ta dace da motar, ya ɗauki mai hoto. Ni kuma zan sa Auta ta kai mini kujera bakin titi. Ba na son ko ƙwarzane ya same shi. So nake taya ta yi masa tusa a tsakiyar jama'a, ya fito da jar rigarsa ya tura. Wannan nake roƙo safe da yamma, kuma ban ga laifina ba.

Ka gaishe da abokan aikinka. Ka ce musu matarka tana nan da ƙuruciyarta.

Taka har kullum,
Kaka

Zuwa ga angona malam mai wa'azi,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai dai barci da ya yi mini yaji.

Na karanta faɗanka shafi biyu. Ka ce fashewar taya ba abin wasa ba ce, ka ce kowace taya tana da ranar haihuwarta a rubuce a gefe, mako da shekara, kuma wadda ta wuce shekara goma bai kamata ta ɗauki mutum ba. Kakanka da farce yake karanta wannan. Ka kuma ce ka gano amsar kacici-kacicin amma ba za ka faɗa ba sai na daina mugunta. To riƙe abarka. Na yi niyyar in ba ka amsa mai zafi, amma kafin in nemo biro Auta ta shigo tana rawa.

Ashe ba a shataletale za su tsaya ba. Daga nan babbar hanya za su hau zuwa madatsar ruwa, hanyar nan mai gangara da kwana a bakin gada, kuma a can ne kowa yake sakin motarsa don a ga tsohuwarsa tana da sauran ƙarfi. Ƙwalisa kuma ya kasa giyar Shuɗiya, wadda take jikin sitiyari, kullum sai ya sa ta tana cizon haƙora. Shi ne ya roƙi ubanka ya tuƙa, tunda a kanta ya koya a hannun ubansa, shi kuma ya zauna a gefe yana ɗaga wa mutane hannu. Auta za ta zauna a baya. Har ta kai ɗinki.

Ban san lokacin da saƙar hannuna ta faɗi ba.

Na aika aka kira mini ubanka. Ya durƙusa, kai a ƙasa kamar kullum, na faɗa masa komai, farce da tsaga da abin da ubansa yake cewa. Da na gama ya ce in yi haƙuri, gabar nan ta isa haka. Ya ce ya duba su da idonsa, ya shafa da hannunsa, zane cif, kuma ana ta zagaya unguwa da su ba abin da ya faru. Ya tuna mini wancan makon na ce injin zai kama wuta, kafin nan na ce birki zai tsinke, kafin nan na ce jan fenti yana jawo tsawa. Gaskiya ne na faɗi duk waɗannan, amma waɗancan fata ne, wannan sani ne, kuma ubanka ya kasa bambancewa. Ya ce in da ba su da kyau me ya sa na bayar da su har da sa albarka. Na ce don baffansa na bayar, ba don shi ba. Ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tashi.

Na haɗiye girman kaina na koma wurin Ƙwalisa. Ka san abin da wannan ya ci mini. Ya saurare ni yana goge madubin motar da hannun riga, sannan ya ce kyauta ce ta dawo tana yi mini ciwo, wai tsohuwar taya tana baƙin ciki da sababbi. Ya ce in ina son hawa in faɗa kawai, akwai wuri a cikin but.

Ka kira ubanka ka yi masa irin wa'azin da ka yi mini, ko da yake na san zai ce kakarka ce ta zuga ka. Dubi mutumin nan da kyau, angona. Ya ɗauke mini mota, ya mayar da ita barkono, yanzu kuma zai ɗora ɗana da jikata a kan abin da na tanadar masa shi kaɗai. Wannan ma a kansa na ɗora.

Na sa an sauko mini da akwatin kayan aikin kakanka. Akwai wata gajerar wuƙa da yake yanka robar faci da ita, tsatsa ta ɗan taɓa ta, ina goge ta a bakin turmi. Kewa ce kawai, kada ka sa komai a ranka.

Ka yi mana addu'a.

Kakarka

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Kowa a nan lafiya, kuma wannan karon da nauyi nake faɗin kalmar. Na san labari ya riga takardata zuwa, an ce maka kakarka ta haukace. Zauna ka ji daga bakin mahaukaciyar.

Ana gobe taro, da rana tsaka, na san Ƙwalisa yana wurin mai aski ana rina masa gemu. Na sa wuƙar cikin kwandon saƙa na rufe da zare, na hau motar haya har ƙofar gidansa. Matarsa ta yi mini maraba. Na ce na zo in yi wa motar mijina kallon ƙarshe kafin duniya ta gan ta. Ta kai ni har inda take a tsakar gida, an wanke ta, tayoyin suna ƙyalli kamar goshin ango.

Na fara buɗe ƙofa na zauna a kujerata. Warin kakanka, na man inji da sabulun wanki, babu shi, turaren Ƙwalisa ya kore shi. Wurin da gwiwata ta goge a jikin ƙofa tsawon shekaru, sun rufe shi da sabon yadi. Na ce wa kakanka ya kawar da kai, zan yi ɓarna, kuma wannan karon shi ya koya mini.

Durƙusawa ta fi komai wuya. Na dafa ƙofa na sauka a kan gwiwoyin nan, na nemi gefen tayar gaba inda robar ta fi sirantaka, na kawar da fuskata, na danna da hannu biyu da duk abin da na tara tun daga asibiti. Ta yi tsaki mai tsawo, motar ta sunkuya kamar za ta gaishe ni. Na ɗaga kai sai ga matar Ƙwalisa tsaye da tsintsiya tana kallona. Muka dubi juna. Ta juya ta shiga kicin, ta kunna rediyo ta ƙure murya. Matar nan in na mutu a ba ta sarƙata.

Na ja jiki zuwa ta baya na kashe ta. Na zagaya da rarrafe na kashe ta uku. A kan ta huɗu gwiwoyi suka ce sun gama, na zauna a ƙasa ina haki, kuma a haka Ƙwalisa ya shigo ya same ni, gemu baƙi ƙirin, rinin bai gama bushewa ba.

Ban taɓa sanin muryarsa tana hawa can sama ba. Ya kira ni mayya, ya kira ni maƙiyiyar zumunci, ya ce sai ya kai ni inda ake ɗaure irina. Maƙwabta suka cika gidan. Na ce masa ya yi a hankali, rini yana gangaro masa a wuya zai ɓata riga. Ya aika aka kira ubanka.

Ubanka ya zo a guje, kunya kamar ta kashe shi. Ya durƙusa gaban baffansa yana ba shi haƙuri, wai tsufa ne, wai tun aikin ido ban koma daidai ba. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, tunda ni ce na haife shi, ya yi mini abu ɗaya kafin a kai ni ɗaurin: ya sa yatsa a inda na yanka ya ja.

Ya sa, don ya rabu da ni. Ya ja. Angona, robar ta biyo hannunsa kamar ɓawon ayaba. Ta rabu da zaren ciki tun daga gefe har ƙarƙashin zanen, zaren kuma ya yi fari ya bushe, yana tsinkewa kamar na tsohon buhu, wani baƙin gari yana zuba. Ɗan zagayen unguwar da suka yi ya riga ya fara raba su, saura zafin babbar hanya kawai. Ya koma ta biyu ya ja, haka. Ta uku, haka.

Gidan ya yi tsit, sai rediyon kicin. Ubanka ya zauna daɓas a ƙasa da fararen kayansa. Bai dube ni ba, bai dubi baffansa ba, kujerar baya yake kallo, inda Auta za ta zauna. Ƙwalisa ya fara cewa ai wuƙa ce ta lalata su, ai ga ta huɗun nan lafiyarta lau, a nemo uku a haɗa. Ubanka ya miƙo mini hannu. Na ɗauka tayar da ni zai yi, ashe wuƙar yake so. Ya tafi wurin ta huɗun ya soke ta har ƙota, a gaban baffansa, a gaban maƙwabta, sannan ya goge wuƙar a hannun rigarsa ya mayar mini cikin kwando. Tunda na haife shi ban taɓa ganin ya yi wa babba haka ba. Ya ɗauke ni kamar jaririya ya kai ni motarsa.

Da muka kusa gida ya tambaye ni ko gwiwar tana ciwo. Na ce tana yi, amma irin ciwon da nake so ne.

Auta ta yi fushi da ni saboda ɗinkinta. Ta yi ta yi, mai rai ne yake fushi.

Ka huta lafiya.

Mahaukaciyar matarka,
Kaka

Zuwa ga angona abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan aiki yana tafiya daidai. Ka ga yau na yabe ka, to ka san akwai aike.

An yi taro ba Ƙwalisa. Wato ya je, amma da ƙafa. Auta ta kai mini kujerata bakin titi kamar yadda na tsara tun farko, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi can tsallake cikin 'yan kallo da jar rigarsa, tunda an riga an ɗinka. Mai hoton da ya ɗauka yana biye da shi bai san abin da zai ɗauka ba. Na ɗaga masa hannu irin yadda ya yi niyyar ɗaga wa mutane. Bai amsa ba, ina jin bai gan ni ba, sai na sa Auta ta kira shi da ƙarfi.

Motar ta zauna a gidansa a kan bulo. Ya zagaye kasuwar taya kaf, babu lambarta. Masu faɗin nan da ya fara saya, mai shago ya ƙi karɓa, ya ce ƙarfe ya cinye musu gefe. Matarsa ta ce motar ta tare mata igiyar shanya, kuma kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Ranar nan sai ga ubanka da babbar mota da sarƙa. Bai nemi izinin kowa ba, ya ce wa baffansa ya zo ɗaukar kayan uwarsa. Shuɗiya tana rumfarta yanzu, a kan bulonta huɗu. Ja ce har yau, amma na ce a bar fentin tukuna, ina son duk wanda ya gan ta ya tambaya, ni kuma in ba da labari.

Ga aiken. Ka ce a inda kake akwai masu sayar da tayoyin tsofaffin motoci, sababbin yi amma a kan tsohuwar lamba. Ka nemo mini biyar, har da ta but. Shida da arba'in, sha uku. Kada wani mai shago ya ce maka ga wadda ta kusa, mun ga inda kusa ta kai mutum a kwanar shagon aski. Ka haɗo da sababbin tib na cikinsu. Ka duba ranar haihuwar nan da ka ce, ka danna farce kuma, don ban gama yarda da lambarku ba. Ka aiko da sunana, ba da sunan ubanka ba, ya shiryu amma ban san ko zai ɗore ba.

Ranar da suka iso, ubanka zai tuƙa, ni ina kujerata, Auta a baya da ɗinkinta. Ba madatsar ruwa za mu ba. Layin Ƙwalisa za mu shiga, sannu a hankali, mu zagaya mu dawo mu sake zagayawa, ana danna hon a ƙofar gidansa har mai ya ƙare. Matarsa in tana so akwai wuri a baya. Shi ma akwai, a cikin but.

Matattun tayoyin, uku na sa an cika su da ƙasa na shuka furanni. Ta huɗun, wadda ubanka ya kashe, na naɗe ta cikin takardarta na aika wa Ƙwalisa, na ce a faɗa masa tsohuwar taya tana gaishe shi, ya samu abin zama a ƙofar gida ranar da za mu wuce.

Ka ce in yafe tunda na ci nasara. Zan duba maganar bayan mai ya ƙare.

Ka gaishe da kowa, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mata mai haƙuri da rowa.

Matarka ta gaban mota,
Kaka

Af, tunda ka ƙi faɗa, bari ni in faɗa. Amaryar nan taya ce da aka saya sabuwa aka ajiye a ɗaki har ta tsufa a cikin takardarta.